Na'ura Ba Ta Koyar Da Kanta

Duk sa'ad da aka yi taron ilimi a Yamai, sai mahukunta su yi alkawarin kai kwamfuta da intanet kowace lakwal. A tafa, a ɗauki hoto, a watse. Wa zai koya wa mushen Sabon Maci, can cikin gundumar Dakwaro, aiki da su? Wannan tambaya ba ta shiga jawabi.

Alhali Nijar ta taɓa bin wannan hanya. A 1964, da taimakon Faransa, aka soma koyarwa ta talabijin, ba da daɗewa ba ta kai azuzuwa kusan 20 a kewayen Yamai. Masu riƙe da azuzuwan samari ne da ba su yi zurfin karatu ba, amma an horar da su, ana kuma bin sawunsu, yara suka amfana. Duk da haka shirin bai kai ga yawancin ƙauyuka ba, ya mutu a ƙarshen shekarun 1970. Inda ya yi albarka, albarkacin horon malami ne.

An yi watsi da darasin. Daga ƙarshen shekarun 1990 gwamnatoci suka cika azuzuwa da 'yan sa-kai da 'yan kwantaragi, da yawansu ba su taka makarantar horon malamai ba. A 2017 aka yi musu jarrabawa, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya samu rabin maki. Aka yi ta zagin malamai. Wanda ya ɗauke su bai horar da su ba, shi wa ya jarraba shi?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sayen na'ura kwangila ce, akwai mai lasar riba. Horon malami kuwa ba ya da bikin yanke ƙyalle. Amma wane ɗan kasuwar Maraɗi ne zai sayi babbar mota kafin ya samu direba?

Abin yi a fili yake. Makarantar horon malamai ta Maraɗi ta koyar da aikin na'ura tun daga shekarar farko. Tarurrukan ƙara wa juna sani na CAPED su riƙa zama a kai a kai, da kuɗin mota a hannu, a fara da wayar da ke aljihun malami. A kafa faifan hasken rana kafin a sauke kwali ko ɗaya. Ƙasar Abdou Moumouni Dioffo ba ta da uzuri a nan. A kuma biya albashi kan lokaci, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

'Yan majalisa su tambayi minista: cikin kowace jaka ta sayen na'ura, dala nawa aka ware wa malami?