Sojan Gona Ba Ƙaramin Ɓarawo Ba Ne

Ƙanina direban A-Daidaita-Sahu ne a Kano. Wani dare bayan isha'i, ya sauke fasinjansa na ƙarshe ke nan, wasu mutum uku cikin baƙaƙen kaya suka dalle shi da tocila, suka ce ya faka. Ya faka. Suka nemi takardu, ya miƙa. Suka ce akwai matsala, ya kawo wayarsa da cinikin ranar a duba. Sai da suka haye babur suka ɓace sannan ya gane sojan gona aka yi masa. Da na tambaye shi me ya hana shi neman katin shaidarsu, sai ya ce, "Yaya, wa ya isa ya tambayi mai kaki kati da daddare?" Washegari rance ya ci ya biya mai mashin balas ɗinsa.

Doka ta san da wannan laifi. Kundin Final Kod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, a sashe na 132, ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi ƙaryar shi ma'aikacin gwamnati ne kuma ya aikata wani abu da sunan muƙamin. A Kudu ma, sashe na 108 na kundinsu shekara uku ya yanke. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan "ko tara". Mutumin da ya kwana yana tatsar direbobi a bakin titi, biyan tara ba zai gagare shi ba, da kuɗin mutanen da ya zalunta zai biya.

Ɓarawon waya, waya ya sata. Sojan gona kuwa har da amanar da talaka yake ba hukuma yake haɗawa ya tafi da ita, kuma mun ga inda abin yake kaiwa. A daren 14 ga Afrilun 2014, 'yan Boko Haram da suka shiga makarantar 'yan mata ta Chibok sun zo ne a matsayin sojoji, suka ce wa ɗaliban sun zo kare su. 'Yan mata 276 aka kwashe. Yaran sun fito ne saboda tun suna ƙanana an koya musu cewa mai kaki mai ceto ne. Duk lokacin da na tuna wannan, sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Don haka ina roƙon majalisun dokokin jihohinmu su raba laifin gida biyu. Yaron da ya sa wandon soja don burga, a ja masa kunne. Wanda ya sa kaki ya tare hanya, ya karɓi kuɗi ko ya ɗauke mutum, a cire masa zaɓin tara, a ƙara shekarun, a kuma bi sawun wanda ya ɗinka ko ya sayar masa da kayan.

Sai dai ɗauri kaɗai ba zai wadatar ba muddin talaka ba ya iya bambance na gaske da na bogi. A farkon Oktoban 2020, ana dab da rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da umarnin kada ɗan sanda ya fita sintiri cikin kayan gida. Wannan umarni ya kamata a riƙe shi da hannu biyu: suna a ƙirji, mota mai lamba da tambari, kati ga duk wanda ya nema ba tare da tsawa ba. Jami'in kirki, kuma suna da yawa, shi zai fi kowa cin moriya.

Ƙanina yanzu ana kiran magariba yake mayar da mashin gida. Cinikin dare, wanda da shi yake biya wa 'ya'yansa biyu kuɗin Islamiyya, ya haƙura da shi.