Masu Sayar da Hasashen Ƙwallo Suna Cin Gumin Yaran Rano da Kibiya

Babu mahalukin da ya san sakamakon wasan ƙwallon da ba a buga ba. Duk wanda ya ce maka ya sani, ya kuma miƙo hannu ka biya shi, macuci ne, komai kyan rigarsa, komai yawan mabiyansa a Facebook da TikTok. Na faɗi wannan da kakkausar murya domin abin da ake yi wa matasanmu a Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su ya kai intaha, kuma mu manya mun zuba ido muna cewa ai yara ne da son ƙwallo. Wannan ba son ƙwallo ba ne. Caca ce tsagwaronta, an sa mata rigar ilimi, an raɗa mata suna hasashe.

Musun ƙwallo ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun zamanin da ake kewaye rediyo ana sauraron wasan Kano Pillars, majalisa ba ta watsewa sai an yi gardama a kan wanda zai ci. Wannan ya ce Masu Gida za su zura biyu, wancan ya ce kunnen doki za a yi, gobe a yi wa wanda bai dace ba dariya, a sha shayi, kowa ya kama gabansa. Ba a taɓa sayar da akuya saboda wannan musu ba. Abin da ya shigo mana yanzu daban ne. Kamfanonin caca irin su Bet9ja da SportyBet da BetKing sun shiga aljihun kowane yaro ta wayar hannu, sannan wasu 'yan tsakiya suka taso a WhatsApp da Telegram suna cewa su masana ne, a biya su kuɗin rajista su ba da wasannin da ba sa faɗuwa.

Wanda yake shakka ya leƙa gidan kallo a daren da ƙasashe ke buga wasannin neman gurbi. Janareta na ruri, benci ya cika, amma rabin waɗanda suka biya kuɗin shiga ba talabijin suke kallo ba. Kai a sunkuye, babban yatsa na jan fuskar waya, ana bin sakamakon wasanni goma sha biyu da ake bugawa a ƙasashen da yaron bai san a wace nahiya suke ba. Najeriya ta ci ƙwallo, sai ka ji wani ya ja tsaki, saboda tikitinsa ya ce kada ƙwallaye su wuce biyu. Ɗan ƙasa yana baƙin ciki da nasarar ƙasarsa saboda naira ɗari biyar! Daga baya sai ka ji kalmar da ta zama ruwan dare a bakinsu: wasa ɗaya ne ya yanke mini. Kullum wasa ɗaya ne, kullum saura ƙiris, kuma wannan ƙiris ɗin ne yake mayar da yaro gobe da kuɗin da ba nasa ba.

To, a tambayi masanan nan, ina ilimin nasu yake ranar 22 ga Nuwamba, 2022? Ajantina ta je gasar kofin duniya a Ƙatar bayan ta buga wasa 36 a jere ba a doke ta ba, Messi ya fara cin fenareti, amma Saudiyya ta farke ta hannun Saleh Al-Shehri, Salem Al-Dawsari ya ƙara, aka tashi 2 da 1. Wa ya hango haka? Wa ya hango Jamus za ta zura wa Brazil bakwai a gidanta a 2014? Wa ya ce Maroko za ta doke Beljiyam, ta fitar da Sifaniya da Fotugal, ta kai wasan kusa da na ƙarshe? Tsofaffinmu suna tuna yadda Kamaru ta kayar da Ajantina a 1990, da yadda Senegal ta kayar da Faransa mai riƙe da kofi a 2002.

Ba ma sai mun yi nisa ba, Super Eagles kaɗai ta isa darasi. A watan Nuwamba na 2020, a birnin Benin, Najeriya ta ci Saliyo huɗu ba ko ɗaya kafin a cika rabin sa'a, amma aka tashi 4 da 4. A watan Oktoba na 2021 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zo har Legas ta ci mu ɗaya a mintin ƙarshe. A 2023 Lesotho ta riƙe mu kunnen doki a Uyo. A gasar kofin Afirka da aka yi a farkon 2024, mun doke Ivory Coast mai masaukin baƙi a rukuni, Equatorial Guinea ta zuba mata huɗu, hukumar ƙwallon Ivory Coast ta sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa. Kowa ya gama yi mata jana'iza. Ranar 11 ga Fabrairu wannan ƙungiyar ce ta tare mu a Abidjan, Troost-Ekong ya fara ci mana, Kessié ya farke, Haller ya ƙara, suka ɗauki kofi. Kociyoyin da suke kwana da 'yan wasa, suka san wanda gwiwarsa ke ciwo da wanda bai yi barci ba, su ma ba su san yadda za a tashi ba. Ta yaya wani da ke kwance a ɗaki da wayar hannu zai sani?

Da ƙwallo ta ƙi su, sai wasunsu suka fara tallata tseren motoci na Formula 1, wai shi inji ne, motar da ta fi gudu ita ke ci, babu tangarɗa. Wannan ma ƙarya ce. A kakar 2023 Max Verstappen ya lashe tsere 19 cikin 22, har ya jera goma ba a tare shi ba, amma da aka je Singapore na biyar ya zo, Carlos Sainz na Ferrari ya ɗauka. A Abu Dhabi a watan Disamba na 2021, Lewis Hamilton yana gaba da tazara, kambun duniya na takwas yana hannunsa, sai wani direba can baya, Nicholas Latifi, ya daki katanga saura zagaye kaɗan. Aka fito da motar da ke rage wa masu tsere gudu, tazarar ta rufe, Verstappen ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Tayar da ta fashe, ruwan sama, kuskuren makaniki na daƙiƙa biyu, kowanne ya isa ya rusa lissafi. Kuma idan sakamako ya zama a fili, kamfanin caca yakan rage ribar da zai biya har ta zama ba ta taka kara ta karya ba. Mafi muni su ne wasannin bogi na kwamfuta, ƙwallo da tseren karnuka da na dawaki da na motoci, waɗanda ake gamawa cikin 'yan mintuna a sake sabo. A nan babu ɗan wasa, babu direba, na'ura ce kawai da aka tsara ta yadda kamfani ba zai yi asara ba.

Ga lissafin da masu hasashe ba sa son yaranmu su yi. A ce wasa ne da ɓangarori biyu suka yi daidai. Wannan ya zuba dubu ɗaya a dama, wancan ya zuba dubu ɗaya a hagu. Kamfani ya karɓi dubu biyu, ya biya wanda ya ci dubu ɗaya da ɗari tara, ya soke ɗari a aljihu. Ko wa ya ci, shi ya ci. Sannan a zo kan dogon tikiti, wanda shi ne abin ƙaunar talaka domin da naira ɗari ake masa alkawarin miliyan. A ce kai gwani ne ƙwarai, kana dacewa sau bakwai a cikin kowane goma. Idan ka haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, damarka ba ta kai uku cikin ɗari ba. Idan ka haɗa goma sha biyar, ta koma kamar ɗaya cikin ɗari biyu. Saboda haka wasa ɗayan da ke yankewa ba tsautsayi ba ne, ba kuma sammu ba ne. Haka aka gina abin tun daga tushe.

Su kuwa 'yan tsakiyar, dabararsu ba ta da wuyar ganewa. Mutum ya buɗe zaure biyu, ya ce wa waɗannan masu gida za su ci, ya ce wa waɗancan baƙi za su ci. Duk yadda aka tashi, yana da jama'ar da za su rantse cewa shi gwani ne. Hasashen da ya faɗi a goge shi da daddare, wanda ya dace a yi ta yawo da hotonsa. Wasu su ce suna da labarin wasan da aka riga aka sayar, a turo dubu biyar. Da yawansu kuma kamfanonin ne ke biyan su la'ada a kan duk wanda ya yi rajista ta hannunsu, wani tsarin ma kason nasu daga asarar da ka yi ake cire shi. Wato faɗuwarka ce abincinsu. Hausawa sun riga sun gama magana: da ungulu tana da maganin sanƙo, da ta yi wa kanta. Wanda ya san sakamakon wasa ba zai tsaya roƙon dubu biyu a wajen ɗan acaɓa ba.

Kuɗin wa ake ci? Kuɗin taki ne. Kuɗin man injin ban ruwa ne na mai noman rani da ya dogara da ruwan Tiga. Kuɗin buhun shinkafa da masara da gyaɗa ne da aka yi damina guda ana sunkuye a kansu a Rurum da Saji da Tarai da Durba. Kuɗin jarrabawa ne, da balas ɗin mai babur, da cinikin shagon maigida. Wani yaro ɗan maƙwabcina, wanda na san ranar sunansa, mahaifinsa ya aike shi da kuɗin buhun taki. Ya tsaya wajen mai POS ya zuba su a asusunsa, da niyyar ya ninka kafin la'asar ya sayi takin ya riƙe canji. Da magariba ya zo ƙofar gidana jikinsa na rawa, ya durƙusa ya ce, "Kawu, don Allah ka rufa mini asiri ka raka ni wajen Baba, wallahi wasa ɗaya ne ya yanke." Na ce masa, "Ɗana, ba wasa ne ya yanke ba, amanar mahaifinka ka yanke." Na raka shi. Dattijon bai ɗaga hannu ba, bai yi zagi ba, sai ya tambayi ɗansa da me za su ciyar da masarar da ta fara ja. Wanda ya sayar wa yaron nan hasashe bai san an yi ba, kuma gobe zai sake sa wani.

Na san amsar da ake bayarwa: babu aiki, rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, kuma matashin da ya gama makaranta yana zaune ba ya rasa uzuri. Amma talauci ne ya sa wannan sana'a ta zama zalunci ninki biyu, domin wanda ba shi da komai shi ake yi wa tallar mafarki. A kan ce ai wane ya taɓa cin miliyan. To, a ƙirga nawa ya zuba kafin ya ci, da nawa ya mayar bayan ya ci, da mutum nawa aka kwashe wa nasu aka haɗa masa. Ta fuskar addini kuwa babu wani malami da ya yi saɓani: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri guda ta hana. Canza mata suna bai canza hukuncinta ba.

A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca kusan talatin a birnin Kano. Ranar 22 ga Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca, ba dokar tarayya ta 2005 ba. Ma'ana, gwamnatin Kano ba ta da sauran uzurin cewa hannunta a ɗaure yake. Na yaba da rufe shaguna, amma kada mu yaudari kanmu. Shagon ya tashi daga bakin titi ya koma cikin waya, kuma wayar tana ƙarƙashin matashin kai a ɗakin samari a Kibiya, inda babu ɗan Hisbar da zai shiga. Aikin da aka tsaya a birni aka yi bai iso karkara ba.

Don haka ina kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Rano da Kibiya su kai ƙudurin da zai hukunta masu tallar caca da masu sayar da hasashe, ba masu shago kaɗai ba. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Rano, Autan Bawo, ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni na Rano da Kibiya da Bunkure su zauna da masu gidajen kallo a yi ƙa'ida: kallo halal, amma babu rabon lambar tikiti, babu wakilin kamfanin caca a ƙofa. Limamai su daina tsayawa a kalmar haram kawai, su buɗe wa matasa yadda damfarar take aiki, malaman lissafi su yi wa ɗalibai wannan lissafin a kan allo. Gidajen rediyo da masu barkwanci da jaruman fim da ke karɓar kuɗin talla su ji tsoron Allah, domin da muryarsu ake kama yaran da suka yarda da su. Shugabannin ƙananan hukumomi su gyara filayen ƙwallo, su dawo da gasa tsakanin mazaɓu, yaro ya zubar da gumi a fili maimakon ya zubar da kuɗi a waya. Ahmed Musa da ƙafarsa ya yi suna a Kano Pillars har ya ci wa Najeriya ƙwallo huɗu a gasar kofin duniya, ba da tikiti ba.

Ku kuma iyaye, ku daina jin kunyar tambaya. Ka san abin da ke cikin wayar ɗanka, ka san inda kuɗin aike yake tsayawa, ka san dalilin da ya sa yake farke har ƙarfe biyu na dare. Ranar da wani ya zo yana gaya wa ɗanka yana da wasan da ba ya faɗuwa, ka kira shi da sunan da ya dace da shi a gaban jama'a, ka kai ƙararsa wajen mai unguwa. Mun yi shiru ya isa.