Wasiƙa Ga Masu Gyaran Kwamfuta Na Abuja: A Dakata Da Fomatin

Ya ku 'yan'uwana injiniyoyi na Banex da Emab a Wuse 2, da na UTC a Area 10, da ku da ke fama a Nyanya da Kubwa da Gwagwalada.  

Wata ɗabi'a ce da ta yi mana katutu ta sa na ɗauki alƙalami. Kwastoma zai shigo da kwamfuta a hammata, ya ce jiya Chrome ta yi afdetin, tun daga nan da ya buɗe ta sai ta rufe kanta. Kafin ya rufe baki, yaron shago ya zaro filash ya ce sai dai a yi fomatin. A goge komai, a zuba sabuwar Windows, a karɓi kuɗi. Burauza kuwa za ta buɗe, babu musu. Amma ku tambayi mai ita bayan kwana biyu, ku ji abin da aka raba shi da shi.

Ku ɗauki mai shagon buga takardu a Area 10. A cikin burauzarta take shiga shafin CAC ta yi wa mutane rajistar kamfani, a nan take ciro rasiɗin Remita, a nan take buga wa ɗalibai takardar JAMB. Shekara da shekaru ba ta rubuta kalmar sirrin imel ɗinta da hannu ba, burauza ce ke riƙe mata, ita ta manta tuni. Layin da ta buɗe imel ɗin da shi ma wataƙila yana cikin waɗanda aka rufe bayan an fara haɗa layukan waya da lambar NIN a Disambar 2020. Idan ka goge mata kwamfuta, Google zai tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ba ya hannunta, shi ke nan ta tsaya a waje. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ranar da za ta dawo tana faɗa, sunan shagonka za ta ambata.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, kwafi foldar bayanan mai kwamfuta ka ajiye a gefe. Ta Chrome tana cikin AppData, Local, Google, Chrome, User Data. Ta Firefox kuwa rubuta about:profiles za ta nuna maka inda take. A Firefox fayil biyu ne ke riƙe da kalmomin sirri, logins.json da key4.db, kuma ɗaya ba ya amfani sai da ɗan'uwansa. Shafukan da aka adana da tarihin shiga suna cikin places.sqlite. A Chrome akwai tarkon da ya kama da yawa daga cikinmu: kalmomin sirrinta a ɗaure suke da asusun Windows ɗin da aka adana su a kai. Ka kwashe foldar duka, ka yi fomatin, ka mayar da ita, shafukan da aka adana za su dawo, kalmomin sirri ba za su buɗu ba. Sai dai a fitar da su daga cikin burauzar tun Windows ɗin tana raye, ko a tabbatar mai ita ya haɗa su da asusunsa na Google kuma yana iya shiga asusun ta wayarsa. Fayil ɗin da aka fitar kuma ba a kulle yake ba, kowa na iya karantawa. A hannun mai shi zai tafi, kada ya kwana a filash ɗin shago. Amana ce.

Daga nan sai tambaya. Kwastoma kalma ɗaya yake da ita, ta mutu, kai ne za ka bambance. Ba ta buɗewa ko kaɗan? Tana buɗewa ta yi daƙiƙa biyar ta ɓace? Ko tagar na nan, shafin ne kawai ke mutuwa da saƙon nan na Aw, Snap? Wani lokaci ma ba ta mutu ba sam: batirin agogon uwar allo ne ya ƙare, kwanan wata ya koma shekarun baya, kowane shafi yana ƙorafin tsaro. Batiri ɗan mitsitsi ne maganin wannan, amma akwai masu yin fomatin a kansa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, sau da yawa sabuntawar ba ita ce cutar ba, tono cutar ta yi. Daga Chrome 94 a Satumbar 2021 Google ya koma fitar da sabon zubi duk mako huɗu, Firefox ma ta koma haka a 2020. Burauza na gudu, kwamfutocin tokumbo da muke sayarwa kuwa suna nan inda suke, da direban hoto na shekara goma baya, da antibairos ɗin da ba a biya ba. Ranar da sabon zubi ya nemi abin da tsohuwar na'ura ba ta iya bayarwa, sai faɗuwa. Aikinka shi ne ka gano wanne ne daga cikin uku: foldar bayanai ce ta lalace, ko wata manhaja ce ke cusa hannu a cikin burauza, ko ƙarfen ne da kansa.

Gwajin farko ba ya cin minti biyu. Buɗe burauzar da sabuwar folda wadda babu komai a ciki. A Firefox, danne Shift sannan ka buɗe ta, za ta tashi a Troubleshoot Mode; wannan ba sabuwar folda ba ce, amma a nan take kashe ƙananan manhajojin da aka liƙa mata, ta kuma daina jingina da katin hoto. A Chrome, ƙara --user-data-dir da sunan wata sabuwar folda a ƙarshen gajeriyar hanyar buɗe ta. Idan ta tashi lafiya, Windows ba ta da laifi, mayar da filash ɗinka aljihu. Koma tsohuwar foldar, ka kashe liƙe-liƙen duka, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Galibi za ka tarar da wani abin sauke bidiyo ko VPN na kyauta da mai kwamfutar ma bai san yadda aka yi ya shiga ba.

Idan sabuwar folda ba ta hana faɗuwa ba, gwada --disable-gpu. Ta tashi? To direban hoto ne. Nemi sabo a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo. In ya daina fitarwa, shiga saitin burauzar ka kashe amfani da katin hoto, ka gaya wa mai ita bidiyo zai ɗan yi nauyi.

Sai batun antibairos, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi ɓarna. A Oktoban 2019 da Chrome 78 ta fito, ma'aikatu da yawa a duniya sun wayi gari kowane shafi na nuna Aw, Snap. Dalili shi ne Google ya ƙara wani tsaro da ke hana baƙuwar manhaja shiga inda ake zana shafi, tsofaffin zubin Symantec Endpoint Protection kuma ta nan suke shiga. Har sai da Google ya janye tsaron na ɗan lokaci. Maganin gaskiya a lokacin shi ne sabunta antibairos ɗin. Har yau idan ka ga STATUS_INVALID_IMAGE_HASH a ƙasan saƙon, fara zargin irin wannan kutse. Kuma Windows ba ta ɓoye mai laifi: buɗe Reliability Monitor ko Event Viewer, duba sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. Idan na antibairos ne, ko na wata manhajar sata da aka fasa aka zuba, ka gama bincike. Burauzar ma tana ajiye nata rahoton a chrome://crashes, ta Mozilla kuma a about:crashes.

Abin da ba zan yafe wa kowa ba shi ne --no-sandbox. Yaranmu sun gano cewa idan aka liƙa wannan a gajeriyar hanya, Chrome na tashi, sai su bar shi a haka su sallami kwastoma. Shingen da ke tsakanin mugun shafi da sauran kwamfutar ke nan aka cire, a na'urar da mutum ke shiga banki da ita. Yi amfani da shi na minti ɗaya don ganewa, in ka so, amma ka goge shi kafin kwamfutar ta bar teburinka.

Haka nan kashe sabuntawa gaba ɗaya, wai don kada matsalar ta dawo. A Satumbar 2023 an gano wata kafa a manhajar karanta hotunan WebP wadda Chrome da Firefox da Edge duk suke amfani da ita, kuma an riga an fara kai hari ta nan kafin a toshe. Hoto kawai za a nuna wa burauza. Wanda ka kashe wa sabuntawa kafin a toshe ta, kafar na nan buɗe a wurinsa har gobe. Mozilla ma ta yi gargaɗi cewa daga 14 ga Maris 2025, duk Firefox da ta gaza zubi na 128, ko ESR 115.13, liƙe-liƙenta za su daina aiki saboda ƙarewar wata takardar shaida. Komawa tsohon zubi ma ba wasa ba ne: tun Firefox 67 a 2019, idan tsohon zubi ya tarar da foldar da sabo ya taɓa, yana ƙin buɗe ta, ya nemi a ƙirƙiri wata. Mai kwamfuta ya ga burauza fayau, ya ɗauka ka cinye masa komai.

Kada kuma a manta a ina muke. Wuta na ɗaukewa ana tsakiyar afdetin, ko data ta ƙare, fayil ya sauka rabi. Irin wannan, sauko da cikakken fayil ɗin girkawa ka ɗora a kan tsohon. In ta kama sai ka cire Chrome tukuna, kula da ɗan akwatin da ke tambaya ko a haɗa da bayanan shiga intanet a goge. Kada ka taɓa shi. Idan kuma Chrome na faɗuwa, Firefox na faɗuwa, Edge ma haka, kowane lokaci da saƙo daban, bar manhaja ka dubi ƙarfe. Ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin watan Maris na Abuja kuwa kun san shi. Buɗe, hure, cire RAM ka goge bakinsa ka mayar, ka sa MemTest86 ya zagaya. RAM mai ciwo ba ya jin fomatin, ko sau nawa za a yi.

Akwai kuma kwamfutar da gaskiya kawai za a gaya wa mai ita. Chrome 109 ta Janairun 2023 ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1, a Firefox kuma 115 ce. Windows 7 kanta Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Idan na'urar na iya ɗaukar sabuwar Windows, ko a ƙara mata RAM, a nan ne fomatin ke da hujja, bayan an kwashe kayan mai ita a gabansa. Idan ba ta iyawa, gaya masa kada ya ƙara shiga banki da ita, ko da hakan zai sa ka rasa cinikin ranar.

Na san abin da za ku ce: kwastoma ba ya biyan kuɗin bincike, sai ya ga an zuba sabuwar Windows yake yarda an yi aiki. Laifinmu ne, mu muka saba masa da haka. Ku sa wa bincike farashinsa, ku faɗa tun kafin a buɗe kwamfuta, ku juya masa allon ya ga sunan fayil ɗin da ya kayar da burauzarsa da idonsa. Ku kuma iyayen gida masu yara a shago, don Allah ku kafa doka daga yau: babu yaron da zai sa filash ɗin Windows a kwamfutar kwastoma sai ya nuna muku foldar da ya kwafa da sakamakon gwajin sabuwar folda.

Wassalam, naku abokin sana'a.