Kumfar da ta hana gida sayuwa

Wannan makon na ajiye maganar goro da kwastan, zancen rufin gida zan yi, amma na Ingila.

Babban ɗana yana can. Da zai sayi gida, sai da na sayar da rumfa ɗaya a nan Kumasi na cika masa kuɗi. Hunturu ya shigo, kuɗin gas ya nemi ya karya shi. A can, gidan da ba a tare samansa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi yake gudu. Sai ga wasu sun buga masa ƙofa, wai za su fesa masa kumfa a ƙarƙashin rufin, can saman silin. Ana fesa ta ruwa-ruwa, ta kumbura, ta daskare jikin katako kamar soson katifa.

Gida kuwa ya yi ɗumi, har ya bugo yana yi min albishir.

Ga abin da ba su gaya masa ba. Tururin girki da na wanka sama yake yi, in ya tarar da katako mai sanyi sai ya zama raɓa. Da, iska ke ratsawa ta busar da shi. In kumfa ta toshe hanyar iskar, katako na iya ruɓewa ba wanda ya sani.

Bana iyali sun ƙaru, ya sa gidan a kasuwa. Bankin da zai ba mai saye bashi ya turo mai duba gini. Mutumin ya hau, ya ce kumfa ta rufe katakon, ba zai iya shaidar lafiyarsa ba. Banki ya janye, ciniki ya watse. Kankare ta kuma da hannu ake yi, kuɗinsa ya fi na feshin.

Ban ce kumfa ba ta da amfani ba. A Kanada ana aiki da ita sosai. Amma a Ingila abin da aka saba shi ne shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 270 a kan silin, a bar iska ta riƙa yawo.

Mai ɗa a ƙasar sanyi, ka ce masa ya tambayi banki kafin a fesa, ya kuma adana takardun aikin. Mu dai a kasuwa ba ma ɗaukar kaya sai mun san ranar sayarwa ba za su kwanta mana ba.

Allah ya ba mu ciniki mai albarka.