Raƙuman dawan Dallol Boso: dajin da ke da masu shi

Ɗan kasuwar da ya taso daga Sanam zuwa Yamai, in ya iso Filinge, cikin Dallol Boso ya ke gangarawa har Balleyara. Kaɗan ne cikin matafiya ke tuna cewa wannan kwarin da ya ratsa ƙasar Kurfai, can kudu wajen Kure, shi ke riƙe da garken ƙarshe na raƙuman dawan Afirka ta Yamma.

A 1996 an ƙidaya su, guda 49 kacal sunka rage. Fari, farauta da saran itace sun cinye sauran. Bayan kimanin shekara ashirin adadinsu ya haura 600, har a 2018 anka ɗauki takwas cikin mota anka kai su gandun Gadabeji, jahar Maradi.

Ta yaya sunka tsira? Domin a gane, sai a dubi yadda ake tsare daji a wata duniyar. Can ƙuryar arewa, arewa maso gabacin tsibirin Girinlan, akwai gandun da anka keɓe a 1974, mai faɗin murabba'in kilomita 972,000, wato ya ɗara kashi uku cikin huɗu na Nijar baki ɗaya. Babu gari ko ɗaya cikinsa. Sai ƙanƙara da namun daji, da ƴan tsirarun sojojin Danmak masu sintiri da keken da karnuka ke ja. Baƙo ba ya shiga sai da takardar izini. Tsaron irin wannan wuri, duk wuyar sanyinsa, abu ne mai sauƙi ta fuska guda: ba gonar kowa ciki, ba rijiyar kowa.

Dallol kuwa da masu shi. Raƙumin dawa na Kure ba shi da shinge. Da damina ya hau tudu cikin geza da sabara, da rani ya sauko kwari ya ci ganyen gawo, kuma in ya sami wake shanye ko mangwaro cikin garka ba ya neman izini. Manomin da anka ci wa wake yana da dalilin fushi. Abin da ya kwantar da fushin shi ne amfani. Samarin ƙauyuka sun kafa ƙungiyar ƴan jagora, a lokacin Turawa da ma'aikatan Yamai suna zuwa da katkat ranar Lahadi suna biya, ƙungiyoyin agaji sun gina rijiyoyi sun ba mata bashin sana'a. Dabbar ta zama dukiyar gari, kowa ya sa mata ido fiye da yadda ma'aikatan gandun daji za su iya.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga bisa babura sunka kashe mutum takwas a dajin Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƴan jagora. Hukuma ta rufe wurin ga baƙi, kuɗin jagora ya yanke. Mutanen Sanam da Abala ba sai an yi musu bayani ba. Sun ga yadda rashin tsaro da hana hawan babur a 2020 sunka rage wa kasuwannin ƙauye mutane.

Barazana ta biyu ba ta da ƙara, gatari ne. Yamai da itace ta ke girki, kuma wasu cikin manyan motocin da ke shiga birni maƙare da shi daga tuddan nan ne su ke lodi. Duk gawon da anka sare, abincin rani ne ya tafi, na raƙumin dawa da na awakin talaka tare.

A nan aikin ya rataya ga masu karanta wannan shafi. Ma'aikacin da ke sa hannu ga takardar saran itace, da ɗan kasuwar da ke sayen lodin, su ne ke yanke wa dajin hukunci kowane mako. Ba a buƙatar Bature ya dawo kafin magajin gari da sarakuna su shata inda gatari ba ya shiga, ko kafin makarantun Filinge su kai ɗalibai kallon dabbar da kakanninsu sunka sani, ranar da hanya ta yi lafiya.