Tsabar da Ta Lalace Ba Shara Ba Ce

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa zama a Obi ko a ƙauyukan da ke kewaye da Lafiya, ka san da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kaji ko zabi ko tantabaru ba. Kowace safiya akan watsa musu dawa ko masara ko tsakin shinkafa, kurciyoyi ma su sauko daga bishiya su tsinci rabonsu. Amma damina a wannan yanki doguwa ce, takan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba. Danshi yakan shiga buhu, tsaba ta yi fumfuna, ta dunƙule, ta soma wari. To, me ya kamata a yi da ita?

Mutane da yawa sukan ce, "Ai tsuntsu ba ya zaɓen abinci, a ba kaji." Wasu kuma sukan zubar da ita a kwata. A ganina, duka biyun kuskure ne. Wurin da ya dace da lalatacciyar tsaba shi ne tarin taki.

Ka fara duba haɗarin ba tsuntsaye irin wannan abinci. Wani nau'in fumfuna da ke kama masara da gyaɗa yana fitar da guba wadda masana ke kira aflatokzin. Wannan guba tana lalata hanta, tana hana 'yan tsaki girma, tana kuma rage yawan ƙwai. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa mai wannan guba. Wanda ya ji ƙyashin zubar da mudu ɗaya na tsaba yana iya wayar gari ya ga akurkinsa babu komai. Rigakafi ya fi magani.

Zubarwa a kwata kuma asara ce biyu: an toshe hanyar ruwa, an kuma hana gona abincinta. Manoman Obi suna noman doya da masara da shinkafa da riɗi, kuma kowannensu ya san yadda takin zamani ya yi tsada. Alhali kuwa kayan haɗa takin gargajiya suna nan a tsakar gida, kyauta.

Ga yadda za ka yi. Ka zaɓi inuwa a bayan gida, inda ruwa ba ya kwanciya. Ka shimfiɗa busassun ganyaye da karan masara da buntun shinkafa. Ka ɗora ɓawon doya da ragowar ganyen miya da ɗanyar ciyawa, sannan kashin kaji ko na awaki. Ka zuba tsabar a tsakiya, ka rufe ta da wani busasshen ganyen da 'yar ƙasa. Ka ɗaure hancinka da ƙyalle lokacin da kake zubawa, domin ƙurar fumfuna ba ta da kyau ga huhu. Ka ci gaba da jerawa har tarin ya kai kamar mita 1 a tsayi da faɗi. Ka yayyafa ruwa ya yi laima, kada ya jagwaɓe. Ka riƙa juya shi bayan kowane mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 za ka sami baƙin taki mai ƙamshin ƙasa. Kada ka sa nama ko ƙashi ko mai a ciki.

Na san za ka ce, "Ai tsaba za ta jawo ɓeraye, kuma za ta tsiro a gona inda ba a so." Wannan damuwa tana da tushe, domin haka yakan faru idan an watsa tsabar a saman tari aka tafi. Amma tarin da aka haɗa da kyau yakan ɗauki zafi a cikinsa har ya wuce digiri 55 a ma'aunin salshiyas, kuma irin wannan zafi yana kashe yawancin ƙwayoyin iri. Idan ka ga wasu sun tsiro a gefe, ka juya su ciki, su ma za su zama taki. Ɓera kuwa ya fi samun sauƙin tsabar da aka bari a fili fiye da wadda aka binne cikin zafi.

Saura gyaran tsakar gida. Ka riƙa ba tsuntsayenka gwargwadon abin da za su cinye, ka share ragowar kafin dare, ka ajiye buhu a kan katako nesa da bango mai danshi. Abin da ka share kuwa, ka kai shi tarin taki.

Kada ka tsaya ga karatu kawai. Ka nemi izinin malaminku, ku haɗa tari ɗaya a gonar makaranta a wannan zango. Ku shuka masara a kunya biyu, ɗaya da takin, ɗaya babu. Idan kaka ta yi, ku gwada zangarniyar wannan da ta waccan, ku yanke hukunci da kanku.