Kulle kyanwa a gidan da tsakarsa ba rufi

Ana ta yaɗa shawara cewa a hana kyanwa fita don ta yi tsawon rai. A Landan, inda ƙofa ɗaya ce tsakanin ɗaki da titi, abu ne mai sauƙi. A Daura kuwa tsakar gida sama take kallo. Kyanwa ta taka randa, ta haye rufin kicin, sai ga ta bisa katangar maƙwabta.

Haɗarin waje gaskiya ne, ban musa ba. Akwai babura da motocin hanyar Kongolam, akwai karnukan unguwa, akwai yara da duwatsu, musamman in baƙa ce aka gan ta da dare aka ce mayya ce. Mafi muni shi ne maganin ɓera: ta ci ɓeran da ya ci guba, ta dawo gida tana layi. Ciwon haukan kare ma yana kama kyanwa.

To amma a yi lissafin kullen. Sai an sa raga a kowace taga, raga mai ƙarfi, domin ta sauro farce ɗaya ke yaga ta. Sai an ware ɗaki, a gidan da yara ke kwana a cunkushe. Sai kwanon yashi da za ta riƙa kashi, da mai kwashewa kullum. Uwar gida ce wannan aikin zai faɗa wa, ba mai gidan da ya kawo shawarar ba. Abinci kuma ya dawo kanka gaba ɗaya, kyanwa ko ba ta rayuwa da tuwo, sai busasshen kifi ko kayan ciki daga mahauta. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga rufin kwano, ga wuta ba tabbas. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ji labarin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha.

Babbar asarar ma tana rumbu. A ƙauyukan Sandamu, Zango da Baure, don gero da dawa ake ajiye kyanwa. Ka kulle ta, ɓera ya samu sarari, kai kuma ka sayo guba, wadda ita ce tun farko kake gudar mata.

Abin da ke fitar da ita kuwa ba yawon shan iska kaɗai ba ne, har da barbara. Macen ta kwana tana kuka, muzuru ya yi kwanaki bai dawo ba. Fiɗiya a wurin likitan dabbobi takan rage wannan sosai, sau ɗaya kuma ake biya. Sai allurar haukan kare duk shekara. A riƙa ba ta abinci da magariba a cikin ɗaki, in ta shigo a ja ƙofa sai asuba. Da rana ta koma aikinta a gindin rumbu.